Ma'anar "ƙima a bakin ƙima": daga littafin Ayn Rand zuwa shirye-shiryen fodkas

Wanda ya saba sauraron shirye-shiryen murya da ake sakawa a intanet, waɗanda ake kira fodkas, musamman na Amurka masu sharhi a kan siyasa da fasahar zamani, zai riƙa jin masu gabatarwa suna maimaita wata magana ta Ingilishi, wato "value for value", wadda wasu ke taƙaitawa da V4V. Fassarar da ta fi kusa ita ce "ƙima a bakin ƙima", kamar yadda ake cewa an karɓi buhun gero a bakin kuɗin da ake bin mutum. Abin da ake nufi shi ne mai shiri ya saki shirinsa gaba ɗaya ga kowa, babu talla a ciki, babu kuɗin rajista, babu wani sashe da aka kulle wa wanda bai biya ba, sannan ya ce wa mai sauraro ya auna amfanin da ya samu, ya mayar da kwatankwacinsa. Mai sauraro ne yake yanka farashi, kuma yana yanka shi ne bayan ya riga ya ci moriyar kayan.

Asalin lafazin yana cikin wani ƙagaggen labari mai suna Atlas Shrugged, wanda Ayn Rand ta wallafa a 1957. An haifi wannan marubuciya a birnin St. Petersburg na Rasha a 1905, tana yarinya 'yan juyin juya halin Bolshebik suka ƙwace kantin maganin mahaifinta, kuma a 1926 ta isa Amurka da ƙiyayyar duk wani tsari da ke ba gwamnati ikon karɓe dukiyar mutum da sunan jama'a. Littafin, wanda ya haura shafi dubu, yana ba da labarin yadda masu masana'antu da injiniyoyi da masu ƙirƙira suka gaji da dokokin da ake ɗora musu, suka shiga yajin aiki ɗaya bayan ɗaya, suka bar ƙasar tana durƙushewa. A wani wuri, wani attajirin ma'adinin tagulla da ke cikin labarin, Francisco d'Anconia, ya ji ana cewa kuɗi ne tushen kowane sharri, sai ya yi dogon jawabi yana kare kuɗi, inda ya ce kuɗi alama ce ta ƙa'idar cewa mutanen da ke son yin hulɗa da juna dole su yi ta ta hanyar ciniki, kowa ya ba da ƙima a bakin ƙima.

Rand ta kai wannan ƙa'ida maƙura a sashen da ta siffanta kwarin da masu yajin aikin suka ɓuya a tsaunukan Colorado. A wannan kwari akwai kalma ɗaya da aka haramta, ita ce "bayarwa". Jagoransu, John Galt, idan zai yi amfani da motar abokinsa mai banki, sai ya biya hayar santi 25 a yini, duk da cewa mai motar ba ya bukatar wannan kuɗi ko kaɗan. Baƙuwar da ta faɗo kwarin da jirgin samanta, Dagny Taggart, ta ƙi zama a matsayin wadda ake ciyarwa, ta zaɓi ta yi wa mai masaukinta girki da aikin gida don ta biya kuɗin ɗaki da abinci. Ga wanda ya tashi a inda ake ganin karɓar kuɗi daga baƙo abin kunya ne, wannan yanayi yana da ban mamaki, amma a wurin Rand shi ne ainihin mutunci: kada ka karɓi abin da ba ka cancanta ba, kada kuma ka ba da shi. Ya kamata a ambata a nan cewa ita kanta ba ta yarda a haɗa ta da 'yan libatariyan ba, wato masu ra'ayin a rage ikon gwamnati ƙwarai a bar mutum da kasuwa su yi yadda suka ga dama, har ta sha yi musu ba'a a bainar jama'a. Duk da haka su ne suka fi rungumar littafin, kuma tasirinsa ya kai manyan ofisoshi, domin Alan Greenspan, wanda ya shugabanci babban bankin Amurka daga 1987 zuwa 2006, yana cikin 'yan majalisinta tun yana matashi.

Mutumin da ya ɗauko lafazin ya kai shi duniyar fodkas shi ne Adam Curry, tsohon mai gabatarwa a tashar kiɗa ta MTV, wanda shi da masanin manhaja Dave Winer ake danganta wa ƙirƙirar hanyar rarraba shirye-shiryen murya ta intanet a wajajen 2004. Curry ya san harkar talla daga ciki, domin kamfanin da shi da abokin kasuwancinsa Ron Bloom suka kafa a wajajen 2005, PodShow, a kan kuɗin masu zuba jari da na masu talla ya dogara. A watan Oktoba na 2007 shi da John C. Dvorak, marubucin da ya daɗe yana sharhi a mujallar PC Magazine, suka fara wani shiri mai suna No Agenda. Da farko hira ce kawai tsakanin abokai biyu, daga baya ta zama shiri na kusan awa uku, sau biyu a mako, Alhamis da Lahadi, inda suke kunna guntayen rahotannin manyan tashoshi suna warware yadda aka tsara labarin da kuma wanda zai amfana da shi. Curry ya sha faɗa cewa daga littafin Rand ya samo sunan tsarin da suke gudanar da shirin a kansa.

Dalilin da ya sa tsarin ya fi kama ƙasa a fagen sharhin siyasa a bayyane yake. Hujjar Curry da Dvorak ita ce mai talla ba ya bukatar ya buga waya ya ce kada a faɗi kaza, domin tsoron rasa shi kaɗai ya isa ya sa edita ya tauna harshensa. Misalin da suka fi kawowa shi ne na kamfanonin magunguna. Amurka da New Zealand ne ƙasashen da aka sani da barin tallan magungunan da sai likita ya rubuta kai tsaye ga jama'a, kuma duk wanda ya kalli labaran yamma a talabijin ɗin Amurka zai ga yawan waɗannan tallace-tallace. Tashar da ke cin abinci daga wannan hannu, in ji su, da wuya ta cije shi. Ko mutum bai yarda da ra'ayoyin da ake bayyanawa a shirin ba, kuma akwai da yawa a cikinsu da ba su wuce zato da hasashen maƙarƙashiya ba, wannan hujja tana da nauyi, domin Hausawa ma sun ce bakin da ya ci shi ke godiya.

Yadda suka gina tsarin ya fi tushen falsafarsa ban sha'awa. Ba sa kiran masu sauraronsu masu sauraro, suna kiransu furodusoshi, wato masu hannu a shirya shirin. Suna kuma cewa ƙimar da za a mayar iri uku ce: lokaci, ko basira, ko dukiya. Wani yana zana hoton da za a liƙa wa kowace fitowa, wani yana haɗa gajerun waƙoƙin barkwanci, wani yana kula da kwamfutocin da ake ajiye shirin, wani kuma, likita ko matuƙin jirgi ko ma'aikacin gwamnati, yana aiko da bayanin abin da ya gani a wurin aikinsa. Masu ba da kuɗi ana karanta sunayensu da saƙonninsu a cikin shirin, kuma wanda jimillar abin da ya bayar ta kai dala 1,000 ana naɗa shi jarumin fada irin na sarautar Ingila ta da, da laƙabin da ya zaɓa wa kansa, har akwai muƙamai na gaba ga wanda ya ci gaba da bayarwa. Wanda ya san yadda mawaƙi ke ambaton sunan wanda ya yi masa liƙi a tsakiyar taro, sauran jama'a na ji, ba zai rasa gane abin da ke faruwa a nan ba. Wannan sashe na karanta sunaye yana cin lokaci mai yawa, wasu masu sauraro suna tsallake shi, amma shi ne injin da ke jan motar.

A 2020 lafazin ya samu sabuwar ma'ana ta fasaha. A shekarar ce Spotify, kamfanin sauraron kiɗa ta intanet, ya ƙulla yarjejeniyar miliyoyin daloli da Joe Rogan, shahararren mai fodkas, don shirinsa ya koma dandalinsa kaɗai, kuma shekara biyu kafin nan Apple ya cire shirye-shiryen Alex Jones, wani mai sharhi da ya yi suna wajen hasashen maƙarƙashiya, daga kundinsa, abin da ya nuna wa kowa cewa kamfani ɗaya yana iya ɓatar da shiri daga idon jama'a. Curry da wani masanin manhaja, Dave Jones, suka kafa Podcast Index, kundin shirye-shirye buɗaɗɗe da ba ya ƙarƙashin kowane babban kamfani, tare da yunƙurin da suka kira Podcasting 2.0. A cikin abubuwan da suka ƙara akwai hanyar da mai shiri zai saka adireshin asusunsa na Bitcoin, wato kuɗin intanet, a cikin bayanan shirin, ta yadda manhajar saurare irin su Fountain za ta riƙa tura masa 'yan ƙananan kuɗi a kowane minti da aka saurara, ta hanyar Lightning, wani tsari na tura ƙananan kuɗin Bitcoin cikin sauri. Ana lissafin ne da satoshi, wanda yake kashi ɗaya cikin miliyan 100 na Bitcoin guda. Mai sauraro yana iya tura kuɗi dunƙule tare da ɗan saƙo idan wata magana ta burge shi, kuma mai shiri yana iya tsara yadda za a raba kuɗin kai tsaye tsakaninsa da abokin gabatarwarsa da baƙon da ya gayyata da wanda ya rubuta manhajar. Saboda haka a yau idan aka ce shiri yana bin V4V, wani lokaci ana nufin falsafar ce, wani lokaci kuma wannan hanyar biyan kuɗi kaɗai ake nufi, wadda har yanzu ba ta fita sosai daga da'irar masu sha'awar Bitcoin ba.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne tsarin bai yi daidai da abin da Rand ta rubuta ba. A kwarin Galt akwai farashi tsayayye da aka amince da shi kafin a miƙa kaya, kuma babu mai cin abin da bai biya ba. A shirin fodkas kuwa mafi yawan masu sauraro ba sa ba da ko sisi, 'yan kaɗan ne ke ɗauke da nauyin saura, wanda shi ne ainihin yanayin da littafin ya yi shafi dubu yana la'anta. Ta fuskar aiki, tsarin ya fi kama da abin da gidan rediyon KPFA na birnin Berkeley da ke Amurka ya fara a 1949, inda Lewis Hill, mutumin da ya ƙi shiga yaƙi saboda aƙidarsa ta zaman lafiya, ya kafa tasha mai dogaro da gudummawar masu sauraro, kuma wannan gida ne na masu ra'ayin hagu, wato masu son a rage tazara tsakanin mai arziki da talaka, nesa ƙwarai da Rand. Gidajen rediyon jama'a na Amurka ma sun shafe shekaru suna ware makonni na neman taimako. A ganina abin da aka aro daga littafin harshe ne, wato hanyar neman kuɗi ba tare da an yi bara ba. Mai shiri ba ya cewa a taimaka masa don ya rayu. Yana cewa ya riga ya ba da kaya, yanzu bashi yana wuyan mai sauraro, kuma mutuncinsa ne zai sa ya biya. Wannan sauyin lafazi ba ƙaramin abu ba ne ga masu sauraron da ke alfahari da cewa ba sa bayar da sadaka ga mai ƙarfi kuma ba sa karɓa.

Da wannan ne kuma ake bambanta V4V da dandamali irin su Patreon, wanda aka kafa a 2013, inda aka saba tsara matakan biyan kuɗi na wata-wata kuma a ɓoye wasu fitowa ga waɗanda suka biya kaɗai. Masu tsattsauran ra'ayi a kan V4V suna ganin da zarar an kulle wani sashe, an koma sayar da kaya na yau da kullum, kuma kamfanin da ke tsakiya yana iya rufe asusun mutum ranar da ya ga dama.

Akwai kuma matsalar da tsarin bai warware ba, sai dai ya sauya mata mazauni. Mai sharhin da ya tsira daga tsoron mai talla yana iya faɗawa tsoron masu sauraronsa, kuma su sun fi mai talla saurin hukunci, domin sakamakon abin da ya faɗa ranar Alhamis zai gan shi a asusunsa kafin Lahadi. Idan waɗanda suka fi buɗe aljihu su ne masu son a tabbatar musu cewa kowane rahoto na manyan tashoshi yaudara ne, to duk ranar da mai shiri ya ce a wannan karon gwamnati ce ke da gaskiya, ya san akwai farashin da zai biya. Masu kare tsarin suna amsawa da cewa dubban ƙananan masu bayarwa ba za su iya haɗa baki su juya akalar shiri kamar yadda kamfani ɗaya zai iya ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ba sa bukatar haɗa baki idan tun farko ra'ayi ɗaya ne ya tara su, kuma mai shirin yana da sunayensu da adadin abin da kowannensu ya bayar a takardar da zai karanta da bakinsa kafin ya koma kan labari na gaba.