Waiwaye: yadda jirgin sama ya shigo Najeriya ta Arewa, da inda muka tsaya

Yaran yanzu da yawa sun ɗauka harkar jirgin sama daga Legas ta faro, alhali ta Arewa ta shigo. A watan Nuwamba 1925 ne jirage 3 na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka ratso Sudan har suka sauka a Kano, zuwa 1936 kuma kamfanin jiragen saman Ingila, Imperial Airways, ya fara jigila tsakanin Khartoum da Kano. Lokacin yaƙin duniya na biyu ma ta Kano da Maiduguri ake bi da jiragen yaƙi, a haɗa su a Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a tuƙo su har Alƙahira.

A 1946 Turawa suka kafa WAAC, kamfanin jiragen saman Afirka ta Yamma, na haɗin gwiwar Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, a 1958 muka ware namu wanda ya zama Nigeria Airways. Duk wanda kakansa ya sauke farali a shekarun 1970 ko 1980 ya san darajar jirgin nan, dangi a cika mota a tafi filin jirgi rakiya, ana ɗaga hannu ana addu'a har ya ɓace a sama. Tafiyar da a da ake shafe watanni ko shekaru a ƙasa ta Sudan ta koma ta 'yan awanni. Amma mun sha kuka kuma, Janairu 1973 jirgin alhazai ya faɗi a Kano mutum 176 suka rasu, Yuli 1991 wani ya kama wuta bayan tashi daga Jidda zai zo Sakkwato, mutum 261 ba wanda ya fita. Allah ya jiƙansu.

Ɓangaren soja kuwa sai 1964 aka kafa rundunar sojan sama, Jamusawa ne suka horar da ita, shugabanta na farko ma Bajamushe ne. Ba ta gama tsayuwa da ƙafarta ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, dole aka nemo jiragen MiG daga Tarayyar Sobiyet. Daga baya aka sayo Alpha Jet, a 2021 kuma Super Tucano 12 suka iso daga Amurka sabida yaƙi da Boko Haram.

Abin da ke min ciwo gaskiya shi ne Nigeria Airways, bashi da rashin kula suka cinye shi har aka rufe a 2003, ma'aikatansa suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu wasu har suka mutu ba su karɓa ba. Habasha da ta fara nata a 1946 ga shi nan yana yawo duniya. Mu kuwa sabon kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Air, da aka sanar a 2018, aka nuna jirgi ɗaya a Abuja a Mayu 2023, har aka dakatar da shirin bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba.