Tabar lantarki: abin da ke cikin tururin, da yadda ake rabuwa da ita

A da, uwa da hanci take gane ɗanta ya fara shan sigari. Warin na kama riga, yana kama baki, ko an tauna cingam ko an fesa turare ba ya ɓuya. Tabar lantarki, wadda matasa ke kira vape, ta raba iyaye da wannan alamar. Wata kamar biro take, wata kamar ƙaramar kwalbar turare, ƙamshinta na mangwaro ne ko kankana ko na'a-na'a, tururin kuma ya baje kafin a turo ƙofar ɗaki. Shi ya sa ta shiga ɗakunan kwanan ɗalibai da jakunkunan 'yan mata, wuraren da sigari bai taɓa samun gindin zama ba. Kuma yawancin masu zuƙar ta sun yarda da maganar da aka faɗa musu ranar farko, wai ruwa ne kawai da ƙamshi.

Ba ruwa ba ne. Abu huɗu ke cikin na'urar: batir, siririyar waya da aka nannaɗe wadda ke ɗaukar zafi da zarar an zuƙa, auduga mai tsotso ruwan tana kai wa wayar, sai ma'ajiyar ruwan. Shi kuwa ruwan, gaurayen giliserin ne da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, aka zuba musu ƙamshi da nikotin, wato sinadarin da ke ɗaure mai shan taba. Abin da ke fita daga baki ƙananan ɗigo ne na waɗannan abubuwa, masu ƙanƙantar da za su kai can ƙarshen huhu.

A duba jikin kwalin, akwai wata lamba da mutane ba sa kula da ita. Idan an rubuta 5%, ana nufin miligiram 50 na nikotin a kowace mililita ɗaya ta ruwan. Idan 2% ne, miligiram 20. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tsayar da iyaka a miligiram 20, amma masu 5% suna nan birjik a kasuwannin da ba su da irin wannan iyaka. Yanzu a yi lissafi. Karan sigari ɗaya yana shigar da kamar miligiram 1 zuwa 2 cikin jinin mai sha. Na'urar da ke ɗauke da mililita 10 na ruwa mai 5% tana da miligiram 500 a cikinta. Ko rabinsa ne ya shiga jini, an haura abin da kara 100 ke bayarwa. Yaron da ke ƙarar da irin wannan cikin mako biyu yana ganin shi ba mashayin taba ba ne, alhali jikinsa na karɓar nikotin irin na wanda ya daɗe a harkar.

Akwai dalilin da ya sa ba ya jin ƙarfin. Nikotin na asali yana da kaushi, yana ƙona maƙogwaro, yana sa sabon shiga tari da jiri har wasu su haƙura tun daga karan farko. Kamfanoni sun gano cewa idan aka gauraya shi da wani asid, ya zama abin da ake kira gishirin nikotin, sai ya wuce maƙogwaro sumul ko da ƙarfinsa ya ninka. Sannan sigari yana da ƙarshe, kara ya cinye an yar. Ita wannan ba ta ƙarewa a zama ɗaya, ba ta buƙatar ashana, ba ta sa mutum fita waje. Ana zuƙa a kan gado, a banɗaki, ana danna waya ana zuƙa. Duk shingen da ke rage wa mai sigari yawan sha, an cire shi.

Cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa nikotin ya isa ƙwaƙwalwa, ya sa ta saki sinadarin jin daɗi. Bayan kamar awa biyu rabinsa ya bar jini, sai ƙunci da rashin sukuni su taso, mutum ya sake zuƙa ya ji ya dawo daidai. A nan ne yaudarar take. Matashi zai rantse cewa ita ce ke kwantar masa da hankali lokacin jarabawa, bai san damuwar da take kwantarwa ita ce ta haifar da ita ba. Hausawa na cewa sabo turken wawa, amma wannan sabon ba ruwansa da wauta. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke kula da haƙuri, tsara al'amura da mayar da hankali shi ne na ƙarshen nuna. Wanda ya fara a shekara 15 ya fi saurin kamuwa, ya kuma fi shan wuya wajen bari, fiye da wanda ya fara a 30.

Tambaya ɗaya ta fi kowace nuna zurfin kamu: minti nawa ne tsakanin farkawarka da zuƙar farko? Idan bai kai 30 ba, kamun ya yi ƙarfi. Idan kana kwana da ita ƙarƙashin matashi, ko ka taɓa fita daga aji ko wurin aiki don ita, ko hankalinka ya tashi don batir ya mutu ba wuta, to ba kai ke riƙe da ita ba.

Abin da take yi wa jiki

Nikotin yana tsuke jijiyoyin jini, yana ɗaga bugun zuciya da hawan jini. Ga mai sikila wannan babban haɗari ne, domin jijiyar da ta tsuke ita ce jinin ke maƙalewa a ciki. Ga mai asma, tururin na tayar da ciwon, balle a hunturu da ƙura ta riga ta gajiyar da ƙirji. Ga mai juna biyu, nikotin na ratsa mahaifa ya isa ga jariri. Baki na bushewa, dasashi na kumbura, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Idan ruwan ya kusa ƙarewa, ko aka jera zuƙa ba hutu, audugar kan bushe, wayar ta yi zafi fiye da kima. Wannan ɗanɗanon ƙauri da ake ji alama ce ruwan na rikiɗewa zuwa guba, ciki har da fomaldehaid, sinadarin da ke cikin ruwan adana gawa, wanda an tabbatar yana jawo sankara. Ita kanta wayar tana sakin burbushin ƙarfe irin su nikel da dalma. Kayan ƙamshin kuma an amince da yawancinsu ne don ci, ba don shaƙa ba. Ciki na da hanyar sarrafa abin da huhu ba shi da ita.

Sai matsalar abin da ba a rubuta a kwali ba. A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka tsakanin masu zuƙa. Zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807, 68 sun mutu, akasarinsu kuma sun sha ruwan wiwi ne na bayan fage da aka sirka da wani mai na bitamin E. A 2024 masu bincike a Jami'ar Bath ta Ingila sun gwada na'urorin da aka ƙwace a makarantu, suka tarar kusan ɗaya cikin shida na ɗauke da wiwin roba, wato wanda ake ƙirƙira da sinadarai, ba na ganye ba. Na'urar da aboki ya cika da hannunsa ya miƙo maka, ba ka san me ke ciki ba, wataƙila shi ma bai sani ba.

Gaskiya ɗaya ba za mu ɓoye ba: gubar da ke cikin tururin ba ta kai ta hayaƙin sigari ba, shi ya sa a Birtaniya ake barin manya da suka kasa barin sigari su koma kanta. Wannan magana ce ta magidancin da ya yi shekara 20 yana shan kwali a rana. Yaron da huhunsa bai taɓa ganin hayaƙi ba babu abin da zai rage, ƙari kawai zai yi. Ita ma Birtaniyar ta haramta sayar da irin ta sha-ka-yar tun 1 ga Yunin 2025. Wanda kuma ke haɗa biyun, sigari a waje, ta lantarki a ɗaki, ya tara wa kansa illar duka.

Shisha ma ba mafaka ba ce. Ruwan tukunyar sanyaya hayaƙi yake yi, ba ya tace shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2005 cewa a zama ɗaya mai shisha na iya shaƙar hayaƙin da yawansa ya kai na kara 100. Ga iskar gawayi mai sa ciwon kai da suma, ga bututun da ke yawo baki zuwa baki a ƙasar da tarin tibi bai ƙare ba.

Mai ƙananan yara a gida ya kula sosai. Ruwan yana da launi da ƙamshin alewa, kuma kaɗan ya isa ya jefa yaro cikin haɗari: amai, dalalar miyau, zufa, rawar jiki, har jijjiga. Idan ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin zai iya shaƙe su cikin huhu. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take tare da kwalbar. Idan a fata ko ido ya zuba, a wanke da ruwa mai yawa na minti 15. Batirin kuma na iya fashewa idan an bar shi a mota cikin zafin bazara, ko an kwana ana cajinsa a kan katifa.

Yadda ake bari

A tsayar da rana cikin mako biyu masu zuwa, kada ta faɗa tsakiyar jarabawa. Kafin ranar, a yi kwana uku ana rubuta duk lokacin da hannu ya kai gare ta: bayan cin abinci, a majalisa, gidan kallon ƙwallo, bayan faɗa, cikin dare ana hira a waya. Kowanne a tanadar masa abin da zai maye gurbinsa. Daren ranar a fitar da komai daga gida, har caja da wadda aka ɓoye don ko-ta-kwana. Ita wannan ta ɓoyen ce ke mayar da mutane.

Rana ta biyu da ta uku su ne mafi tsanani: fushi ba dalili, ciwon kai, rashin barci, yunwa, kasa karatu, wani lokaci bushewar ciki. Daga mako na biyu zuwa na huɗu abin na lafawa. Idan sha'awar ta motsa, mintuna kaɗan take yi ta sauka, ko an zuƙa ko ba a zuƙa ba. Aikin shi ne a tsallake waɗannan mintunan: a kurɓi ruwan sanyi a hankali, a sa asuwaki a baki, a yi alwala, a tashi daga wurin a taka. Wanda sigari ko shisha ya bari ya rage shayi, kofi da goro zuwa rabi, domin hayaƙin taba na sa hanta saurin ƙone sinadarin da ke cikinsu. Da an daina, kofi ɗaya sai ya yi aikin biyu, mutum ya kasa barci ya ɗora laifin a kan barin taba.

Wanda ba zai iya yankewa lokaci guda ba zai iya saukowa mataki-mataki, daga miligiram 50 zuwa 20, zuwa 10, zuwa 3, kowane mataki kamar mako biyu. Inda ake faɗuwa shi ne a rage ƙarfi a ninka zuƙa. Don haka dole a haɗa da doka: ba a ɗaki ba, ba kafin karin kumallo ba, kuma a riƙa tsawaita tazara. Azumin Ramadan dama ce babba, tunda jiki ya riga ya saba da awa 13 zuwa 14 babu nikotin. Kuskuren shi ne a rama bashin wuni tsakanin magariba da sahur.

Akwai magani. Filastar nikotin tana zuwa da ƙarfi uku: miligiram 21 na mako shida, 14 na mako biyu, 7 na mako biyu, ga mai kamu mai ƙarfi. Wanda nasa bai yi nisa ba daga 14 yake farawa. Ana liƙa ta da safe a busasshiyar fata marar gashi, dantse ko ƙirji, ana sauya wuri kullum. Idan tana kawo munanan mafarkai a cire ta kafin barci. Cingam na nikotin kuwa, mai miligiram 2 ko 4, ba a tauna shi kamar na kanti. A tauna har a ji yaji-yaji, a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, idan yajin ya tafi a sake taunawa, haka har minti 30. Mai tauna shi da sauri yana haɗiye nikotin, sai shaƙuwa da tashin zuciya, ya ce maganin bai karɓe shi ba. Kada a sha lemo ko kofi minti 15 kafin a sa shi. Haɗa filasta da cingam ya fi ɗaya shi kaɗai aiki. Akwai kuma ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion, amma sai likita ya rubuta, kuma bupropion bai dace da mai farfaɗiya ba. Ɗan ƙasa da shekara 18, mai juna biyu da mai ciwon zuciya kada su sayi ko ɗaya a kemis da kansu.

Iyaye, idan kun gano na'urar a kayan yaro, duka da tozarci a gaban ƙanne ƙara masa iya ɓoyo kawai za su yi. A zaunar da shi shi kaɗai, a tambaye shi yaushe ya fara, guda nawa yake ƙararwa a wata, wa ke sayar masa. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 taba, don haka mai shagon ma akwai magana a kansa. A sa ran zai yi zafin rai a makon farko, kada a ɗauke shi rashin kunya.

Wanda ya zame ya zuƙa bayan kwana goma kada ya ce shi ke nan. Yawancin waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da yawa. Ya yar da na'urar a ranar, ya duba me ya jawo, ya ci gaba da lissafinsa. Amma idan baƙin ciki ya wuce mako biyu bai sassauta ba, ko tunanin cutar da kai ya shigo, ko ana haɗawa da wiwi, kodin ko tiramol, a nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitocin tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama ko tari da zazzaɓi ga mai zuƙa kuwa ba sa jiran gobe. A je asibiti a ranar, a faɗa wa likita abin da ake sha da tsawon lokacin da aka ɗauka ana sha, a tafi masa da na'urar ya gani.