Wurin Lilo na Zamani: Manhajar Baƙi da Sauya Kayan Wasa

Wurin lilo na zamani fili ne da aka kewaye aka kafa masa injinan wasa, ana biyan kuɗi kafin a shiga ko kafin a hau. A Zariya da maƙwabtanta an fi kiransa wurin wasan yara ko wurin shaƙatawa, kodayake a ƙasashen da harkar ta yi ƙarfi manya sun fi yara kashe kuɗi a ciki. Iri biyu ne. Akwai wanda aka tara wa injina kawai, akwai kuma wanda aka gina shi kan jigo guda, inda gine-gine da tufafin ma'aikata da abinci duk suke bin labari ɗaya. Manhajar baƙi ita ce wadda mai ziyara yake saukewa a wayarsa don sayen tikiti, duba taswira, ganin tsawon layi da kama gurbin hawa. Tarihinta a haɗe yake da tarihin layi, domin cunkoso ne ya haife ta.

Asali

Tushen harkar yana cikin kasuwannin shekara-shekara da lambunan shan iska na Turai. Wurin da ake ɗauka mafi tsufa cikin waɗanda suke aiki har yau shi ne Bakken, arewa da birnin Kwapanhagan a Danmak, wanda ake danganta farkonsa da shekarar 1583, lokacin da mutane suka fara taruwa a bakin wata maɓuɓɓugar ruwa, masu wasa da 'yan talla suka biyo su. A 1766 Sarki Joseph na Biyu ya buɗe wa talakawa dajin farautar Prater a Biyana. Lambun Tivoli na Kwapanhagan ya buɗe a 1843.

Jirgin gangara, wato keken da yake gudu a kan dogo mai hawa da sauka, ana kai asalinsa ga tudun ƙanƙara da Rashawa suke ginawa da katako wajen ƙarni na 17, su zauna a kan abin zamiya su sulalo. Shi ya sa har yau Faransawa suke kiransa "duwatsun Rasha". An yi mai ƙafafu a Paris wajen 1817. A Amurka kuwa, wani dogon kwasar kwal da aka shimfiɗa a Pennsylvania a 1827 ya koma ɗaukar masu son jin daɗin gangarar da kuɗinsu. A 1884 LaMarcus Thompson ya kafa nasa a tsibirin Coney na New York. Gudunsa bai wuce mil 6 a awa ba, abin da ɗan acaɓa zai yi wa dariya, amma a kan kwabo 5 na Amurka mutane suka riƙa yin layi.

Babban lilo mai siffar ƙafar keke ya bayyana a bajekolin duniya na Chicago a 1893. Injiniya George Ferris ne ya ƙera shi, tsayinsa kusan mita 80, yana da ɗakuna 36, kowanne yana iya ɗaukar mutum 60. Daga nan tsibirin Coney ya cika da wurare masu gasa da juna: Steeplechase a 1897, Luna Park a 1903, Dreamland a 1904, wanda gobara ta cinye a 1911. A 1919 John Miller ya yi rajistar dabarar sanya ƙafa a ƙarƙashin dogo, wadda take riƙe keken kada ya tashi sama. Wannan ƙaramar dabara ita ta ba maƙera damar yin gangara mai tsananin tsayi ba tare da keken ya bar hanyarsa ba.

Matsin tattalin arzikin shekarun 1930, da yaƙin duniya na biyu, da zuwan talabijin, sun rufe wurare da dama. Harkar ta farfaɗo da buɗe Disneyland a Anaheim ta jihar Kalifoniya ranar 17 ga Yuli, 1955. Sai Walt Disney World a Florida a 1971, Tokyo a 1983, Paris a 1992, Hong Kong a 2005, Shanghai a 2016.

Tikiti da layi kafin zuwan waya

A farkon Disneyland kuɗin shiga dala 1 ne, sannan kowane hawa da nasa kuɗin. Ba a daɗe ba aka fito da ɗan littafin tikiti mai haruffa. A, B da C suka fara, aka ƙara D a 1956, aka ƙara E a 1959 don manyan injina. Tikitin E da yake cikin littafin ƙayyadadde ne, na A kuma sai su yi ta saura a aljihu. Hikimar ita ce rarraba jama'a: wanda tikitinsa na E ya ƙare dole ya nufi ƙananan wasanni, sai layin manya ya ragu.

A 1982 aka soke littafin, aka koma biya sau ɗaya a ƙofa, mutum ya hau abin da ya ga dama. Baƙi sun ji daɗi, amma kowa sai ya nufi injin da ya fi suna, layi ya riƙa kai awa biyu. Mai tsaye a layi kuwa ba ya sayen abinci, ba ya shiga kanti, saboda haka asarar ta shafi masu wurin kai tsaye. A 1999 Disney ta fito da FastPass. Mutum zai sa tikitinsa cikin na'ura a bakin injin, ta ba shi takarda mai ɗauke da lokacin dawowa, ya tafi yawonsa, in lokaci ya yi ya shiga ta gajeren layi. Kyauta ne, kuma wanda ya riga zuwa shi yake samu. Wasu kamfanoni irin su Universal da Six Flags sun bi wata hanya tun da wuri, suna sayar da damar tsallake layi da kuɗi.

Manhajar baƙi

A 2013 Disney ta fara tsarin MyMagic+ a Florida, wanda rahotanni suka ce ya ci kusan dala biliyan 1. Ya zo da manhajar My Disney Experience da wani abin ɗaurawa a hannu mai suna MagicBand. A cikinsa akwai ɗan guntun na'ura mai magana da ƙofofi ta siginar rediyo, da shi ake shiga, da shi ake buɗe ɗakin otal, da shi ake biyan kuɗin abinci. Takardar FastPass ta koma FastPass+, inda baƙo yake zaɓar hawa 3 tun kwana 30 kafin zuwansa, ko kwana 60 in a otal ɗin kamfanin zai sauka. A nan aka fara jin ƙorafin cewa hutu ya koma aikin ofis.

Abin da irin waɗannan manhajoji suke yi kusan ɗaya ne ko'ina. Suna nuna inda mutum yake a taswira, da mintocin jira a kowane inji, da lokacin wasanni, da injin da ya tsaya. Ana yin odar abinci ta ciki a je a karɓa. Ana lissafin jira ne daga adadin mutanen da injin yake iya ɗauka a awa da kuma ƙirgen waɗanda suka shiga layi. Ga masu wurin, amfanin ya wuce haka: suna ganin inda jama'a suka taru, sai su tura sanarwa ta karkatar da wasu zuwa ɓangaren da ba kowa, su kuma san inda za su ƙara ma'aikata. Aikin da littafin tikiti ya yi a 1959 ke nan, sai dai yanzu ana iya sauya shi minti bayan minti.

A 2017 Universal ta buɗe wurin wasan ruwa na Volcano Bay da abin hannu mai suna TapuTapu, wanda a lokacin yake riƙe wa mutum gurbi yana can yana iyo. A Disamban 2019 Disney ta yi amfani da layin da babu tsayuwa a wani sabon wasa a Florida, inda ake neman gurbi ta manhaja kawai. Akwai ranakun da guraben suke ƙarewa cikin daƙiƙoƙi.

Annobar korona ta rufe wuraren Disney na Amurka a Maris 2020. Na Florida ya buɗe a Yulin shekarar, na Kalifoniya sai 30 ga Afrilu, 2021. FastPass na kyauta bai dawo ba. A Oktoban 2021 aka maye gurbinsa da Genie+ a kan dala 15 a rana a Florida, daga baya farashin ya koma hawa da sauka gwargwadon cunkoson ranar. A Yulin 2024 aka sake masa suna Lightning Lane Multi Pass.

Sauya kayan wasa

Walt Disney, wanda ya kafa Disneyland, da kansa ya ce wurinsa ba zai taɓa kammaluwa ba, kuma masu harkar sun riƙe wannan. Dalilan sauyi uku ne suka fi yawa: tsufan inji da tsadar gyara, neman sabon abin da zai dawo da tsohon baƙo, da kuma canjin abin da jama'a suke yarda da shi.

Ta fannin ƙira, babban sauyi ya zo a 1959 da Matterhorn Bobsleds a Disneyland, jirgin gangara na farko mai dogon bututun ƙarfe. Ƙarfe yana lanƙwasuwa yadda katako ba zai yi ba, daga nan aka samu masu juya mutum kai ƙasa ƙafa sama. Gasar tsayi ta kai ga Kingda Ka a New Jersey, mai mita 139, wanda aka buɗe a 2005, aka rufe a Nuwamban 2024, aka rushe a Fabrairun 2025. Formula Rossa na Abu Dhabi, da aka buɗe a 2010, yana gudun kilomita 240 a awa.

Sau da yawa ba a taɓa injin, labarin da ya lulluɓe shi ake cirewa, domin ya fi araha. Misalin da ya fi tayar da ƙura shi ne Splash Mountain na wuraren Disney na Amurka, wasan kwalekwale da aka gina kan wani fim na 1946 da ake zargi da ƙawata rayuwar baƙaƙen fata a gonakin kudancin Amurka. An sanar da sauya shi a 2020, an rufe a 2023, an buɗe a 2024 da sunan Tiana's Bayou Adventure, magudanar ruwan da gangarar suna nan yadda suke. A 2021 an cire mutum-mutumin da suke nuna 'yan Afirka a matsayin mutanen daji masu mashi daga wasan Jungle Cruise, abin da ya kwashe shekaru fiye da 60 yana nan kafin a ga aibunsa. Masu sha'awar tsoffin wasanni sun yi adawa da sauye-sauyen biyu, wasu kuma sun ce an makara.

Haɗari ma yana jawo sauyi. Bayan karon da kekunan jirgin gangara suka yi a wurin lilo na Alton Towers ta Ingila a Yunin 2015, inda mata biyu suka rasa ƙafa, kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5 a 2016.

A Najeriya

Sanannun wurare sun haɗa da na Apapa a Legas, da Magicland a Abuja wanda aka fara sani da Wonderland, da Hi-Impact Planet a hanyar Legas zuwa Ibadan. A Arewa, Gidan Zu na Audu Bako a Kano da lambun Gamji na Kaduna, inda gadar ƙarfen Lugard da aka ɗauko daga Zungeru take, su ne suka daɗe suna karɓar iyalai. Yawancin injinan daga waje ake shigo da su, wasu na hannu ne, kuma kayan gyara da man janareta su ne suke yanke hukuncin wanda zai ci gaba da juyawa.

A Zariya

Kafin injin lilo, Zazzagawa suna da nasu wuraren kallo, sai dai ba a kewaye suke ba kuma ba a sayar da tikiti. Akwai Hawan Sallah da Hawan Daushe a Ƙofar Fada, da dambe da kokawa bayan kaka, da tashe a watan azumi, da masu wasa da kura da biri da suke bin kasuwanni, da shillo da ake ɗaurawa a reshen bishiya. Dutsen Kufena ma wurin zuwa ne ga matasa da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello.

Wuraren lilo da suke garin ƙanana ne: lilon dawakai, motocin batir, gidan tsalle na iska, wani lokaci ɗan jirgin ƙasa mai zagaye. Kasuwarsu ta Sallah ce. Yara suna fitowa yawon Sallah da sababbin kaya da kuɗin goron Sallah a hannu, wurin ya cika maƙil kwana uku ko huɗu, sauran shekara kuma sai ƙarshen mako da bikin ƙarin shekara da ziyarar makarantu. Masu hali kan ɗauki yara zuwa Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80, ko Kano ko Abuja.

Tsarin biyan kuɗi ya fi kama da na Disneyland ta 1955: a biya a ƙofa, a sake biya a kowane hawa. Aikin da manhaja take yi a wasu wurare, a nan kayan da kowa yake da su ne suke yinsa. Ana tallata farashi da lokacin buɗewa a Facebook da Instagram, ana tambaya ta WhatsApp ko an kunna injin kaza, ana biya da POS ko tiransifa, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Ranar Sallah layin yakan zama biyu, na masu jiran hawa da na masu jiran alat ya shigo wayar mai karɓar kuɗi. Sauya kayan wasa kuwa yawanci fenti ne da walda kafin Sallah, ko a ɗauke injin da ya mutu a sa gidan tsalle a gurbinsa.

Muhawara

Masu suka suna cewa layin kuɗi ya raba baƙi gida biyu, kuma manhaja tana cutar da tsofaffi da marasa babbar waya. Kamfanoni suna cewa tana rage jira. Akwai kuma batun bayanan sirri: a jihar Illinois an kai Six Flags kotu kan ɗaukar zanen yatsun baƙi, shari'ar da ta ƙare da sulhun dala miliyan 36 a 2021. A Zariya maganar da aka fi yi ita ce ta cakuɗuwar maza da mata a ranakun Sallah, da kuma wanda yake duba lafiyar injinan kafin a ɗora yara.