Mene Ne Fileya a Haɗin Bututun Haidirolik?

A garejin manyan motoci na Kwangila ko wajen masu matsa tiyo a Sabon Gari a nan Zariya, idan tarakta ko tifa ta fara zubar da mai, maganar da za ka ji ba ta wuce biyu: "fileyar ce ta tsage" ko "a nemo mai JIC". Mai motar yakan gyaɗa kai ya miƙa kuɗi, sau da yawa bai san abin da ya saya ba. Yaran gareji ma da yawansu sun iya ɗaurawa, amma ka tambaye su inda ainihin toshiyar take, sai su nuna maka zaren noti. A nan ɓarnar take farawa.

Fileya ita ce buɗa bakin bututun ƙarfe da na'ura har ya baje kamar bakin algaita. Wannan bajajjen bakin yana zama a kan wani kai mai tsini da aka feƙe daidai da shi, noti kuma ya matse su wuri guda. A haidirolik, wato inda ake tura mai da matsi ya ɗaga garma ko bodin tifa, tsarin da aka fi amfani da shi shi ne wanda ake kira JIC, kuma abubuwa uku ne: jikin mahaɗin mai kai, noti, da wani ɗan zoben ƙarfe da ke zama a bayan bajajjen bakin. Zoben yana tallafe bakin, yana hana notin murɗe bututun lokacin ɗauri, yana kuma rage wa wuyan fileyar wahalar girgiza. Idan tiyo ne maimakon bututun ƙarfe, kan da ake matsa masa yana zuwa da mazaunin a feƙe tun daga kamfani, da noti mai juyawa. Dabarar dai ɗaya ce.

Babu roba a ciki, babu gam. Ƙarfe ne yake haɗuwa da ƙarfe a kan wannan gangaren, kuma nan kaɗai ne yake tare mai. Aikin zare shi ne jawo su ya riƙe. Saboda haka farin tef ɗin masu gyaran famfo da ake naɗawa a zaren fileya ba ya maganin komai. Idan mai ya riga ya tsallake gangaren, ta bayan noti zai fito, tef ko babu tef. Mafi muni, ɓarɓashin tef ɗin yakan bi mai ya shiga bawul ya maƙale, sai ka ga garma ta ƙi ɗaguwa a tsakiyar gona, ana ta zargin famfo.

Dalilin wannan tsanani shi ne ƙarfin matsin. Iskar tayar ƙaramar mota bar 2 ce da ɗan ɗoriya. Haidirolik ɗin tarakta yakan kai wajen bar 200, wato kusan kilo 200 a kan kowane murabba'in santimita. Manyan motocin haƙa ƙasa suna kai bar 350. A irin wannan matsi, ƙarzanen da farce kaɗai zai iya ji a fuskar fileya ya isa ya zama hanyar mai.

Sai batun kusurwa, wanda shi ne kashin bayan maganar. JIC gangarensa digiri 37 ne. Asalinsa mahaɗan da sojojin Amurka suka tsara wa jiragen sama a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ake kira AN. Daga baya masana'antu suka ɗauki tsarin suka sassauta sharuɗɗan ƙirarsa don ya yi araha, kuma yanzu ƙa'idojin SAE J514 da ISO 8434-2 ne suke tsare shi. Masu koyon gyaran jirgi a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta nan Zariya, wadda aka kafa a 1964, da digiri 37 ɗin nan suke aiki, sai dai na jirgi ya fi tsauraran sharuɗɗa, ba a sa masa na tarakta ko da ya shiga daidai.

Akwai kuma fileya mai digiri 45, wadda masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki suke yi a bututun jan ƙarfe. Ita ta ƙaramin matsi ce, yawanci da mahaɗin tagulla. Tarkon da ke nan shi ne, a wasu girma zaren mai 45 da na mai 37 iri ɗaya ne sak. Ana auna girman da kashi goma sha shida na inci: lamba 4 kwatan inci ne, lamba 6 uku bisa takwas, lamba 8 rabin inci, lamba 16 inci guda. A lamba 4, 5, 8 da 10 notin ɗaya zai hau ɗaya lafiya lau har ƙarshe. A lamba 6 da 12 ne suke sha bamban. To sai yaro ya je shago ya dawo ya ce, "Oga, ga shi ya shiga." Ya shiga, amma bai zauna ba. Bambancin digiri 8 ɗin nan yana sa fuskokin biyu su haɗu a kan siririn layi maimakon faɗin gangaren duka. Zai iya riƙewa da safe injin na sanyi, da rana mai ya yi zafi, girgiza ta yi yawa, ya fara naso.

Kasuwar Zariya kuma ta tara injina daga ko'ina, galibi na hannu, wasu an sha yi musu dashe. Komatsu na Japan suna da tasu fileyar mai digiri 30 da zaren milimita. JCB na Ingila sun fi amfani da BSP, mai mazaunin digiri 60. Injinan Jamus yawancinsu ba fileya ba ce ma, zobe ne da ke cizon bututu a mazaunin digiri 24. Birkin mota ma nasa daban: ko baki mai ninki biyu na digiri 45, ko mai kumburi irin na motocin Turai. A ido duk noti ne da kai. Shi ya sa nake ganin mai shagon da ke ajiye ma'aunin zare da na kusurwa a kan teburinsa ya fi mai arha da ke gwadawa da hannu ya ce "zai yi". Wanda zai sayo kuma ya tafi da tsohon kan a aljihu, kada ya dogara da kwatance ta waya.

Yin fileyar kanta aiki ne mai son natsuwa. Bututun ya zama na ƙarfe marar ɗinki, mai taushin da zai baje bai tsage ba. A yanke shi daidai ba a karkace ba, a kankare kaifin bakin ciki da waje, a share garin ƙarfen. A zura noti da zobe kafin a buɗa bakin, don bayan an buɗa ba sa shiga, sai dai a yanke a sake. Kuma na'urar buɗawar ta zama ta digiri 37. Wadda ke cikin jakar mai gyaran firji ta 45 ce, aron ta ba taimako ba ne. Idan bakin ya baje fiye da kima zai goga da zaren noti, idan bai kai ba zoben ba zai kama shi sosai ba, matsi zai iya fizge bututun.

Wajen ɗauri ne aka fi yin ɓarna. Al'adar gareji ita ce idan abu na yoyo a ƙara masa sifana, in ya ƙi a zura fayif a hannun sifanar a hau kai. Fileya ba ta son haka. Ɗaurin da ya wuce kima yana latse bakin ya yi siriri, ko ya tsaga shi, ko ya lotsa kan mahaɗin, daga nan kuwa ko sabon tiyo aka kawo ba zai zauna ba. Hanyar da masu ƙera su suke koyarwa mai sauƙi ce. A ɗaura har sai an ji fuskokin sun haɗu, a ja layi da alli ko maka daga noti zuwa jikin mahaɗin, sannan a ƙara juyawa gefe ɗaya zuwa biyu daga cikin gefuna shida na notin, gwargwadon girma, ƙanana sun fi manya ɗaukar juyi. Sifana biyu ake sawa, ɗaya ta riƙe jiki ɗaya ta juya noti, don kada tiyon ya murɗe. Layin allin yana da wani amfanin: maigida zai gane wanda aka ɗaura da wanda aka manta.

Alherin JIC shi ne ana kwancewa a mayar, zafi ba ya cinye shi tunda babu roba, kuma samunsa ba wuya. Rauninsa girgiza mai yawa da yawan kwancewa, don kowane ɗauri yana ɗan cin fuskar. Wannan ne ya sa sababbin injina masu babban matsi da yawa suka koma ORFS, mai shimfiɗaɗɗiyar fuska da zoben roba. Shi ma a ƙurar hunturunmu, in aka bar ƙasa ta hau robar, labarin bai canza ba.

Kafin a taɓa kowane noti, a sauke garma ko bokiti ko bodin tifa ƙasa, a kashe inji, a motsa sandunan sarrafawa matsin ya fita. Kuma ba a laluben yoyo da hannu, kwali ake karawa. Man da ke fita ta ƙaramar kafa yana huda fata ya shige nama, ramin ya yi kamar tsinin allura, zafin ma da farko ba yawa, amma cikin sa'o'i yatsa ko hannu zai iya lalacewa. Wanda hakan ta same shi kada ya tsaya a kemis ko a shafa masa man birki. A wuce da shi asibitin da ake tiyata, irin na koyarwa da ke Shika, a gaya wa likita cewa man haidirolik ne ya shiga da matsi, a kuma faɗi lokacin da abin ya faru.