Kiwon kare a Zariya: tambayoyin da mutane ke yi min da amsoshina

Shekara tara na yi da kare a gidana, can bayan Samaru ta hanyar Bomo. Sunansa Duna, baƙi ne wuluk in ban da ɗan farin da ke ƙirjinsa. Ya mutu da daminar bara, kuma tun yana raye har bayan mutuwarsa mutane ba su daina yi min tambayoyi a kansa ba, wasu a masallaci, wasu a wajen mai shayi, wasu kuma ta waya. Shi ne na ce bari na tattara su wuri guda na amsa iya abin da na sani da wanda na gani da idona.

Malam, wai ma ya halatta Musulmi ya ajiye kare a gida?

Wannan ita ce ta farko kullum, kuma ni ma ita na fara yi kafin na kawo shi. Hadisi ya inganta cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi na lada kullum, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu, kuma mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare. A Risala da muka karanta a zaure ma haka yake, ba a ajiye kare a gidajen gari sai don shuka ko dabbobi ko farautar neman abinci. Amma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona in akwai buƙata ta gaske, har ana ba da labarin shi kansa mai Risalar, Ibn Abi Zaid, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Ni lokacin da na tare gidaje uku ne a layinmu, sauran duk gonakin masara, kuma sau biyu ana haura min katanga ana kwashe kaji.

A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai don bin umarni. Duk da haka Duna bai taɓa shiga ɗakina ba, yana da kejinsa a bayan gida da kwanonsa daban. Ni dai ba malami ba ne, ka je ka samu malaminka ka faɗa masa halin da kake ciki. Abin da na tabbata shi ne babu malamin da zai ce maka ka azabtar da shi, ai mun san hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi Allah Ya gafarta masa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yara sun taru suna jifan kwikwiyo manya na zaune suna kallo ba mai cewa kanzil.

To in don gadi ne kawai, daɗin me kake ta faɗa?

Ɗan'uwa wannan sai wanda ya yi. Mashin nawa ne ke wucewa ta layinmu a rana, amma Duna ya san ƙarar nawa tun ina kwanar makarantar allo, matata ta ce ko agogo ba ta dubawa, da ta ji ya tashi yana karce ƙofa da farce ta san na iso. In na shigo ba ya hau ni don na hana shi tun yana ƙarami, sai ya tsaya nesa kaɗan yana kaɗa bindi har ƙugunsa na rawa, ko da na dawo a gajiye, ko albashi ya makara, ko an ɓata min rai a wajen aiki, shi tarbar nan ɗaya ce ba ta canzawa.

Akwai wani dare cikin hunturu, irin sanyin nan na Zariya da ko alwala sai ka yi shahada, wajen ƙarfe biyu na ji haushinsa ya canza. Mai kare ya san bambancin haushin mage ta wuce da na akwai matsala. Na fito da tocila na same shi a bakin ɗakin da yarana ke kwana ya ƙi gaba ya ƙi baya, ashe maciji ne ya naɗe a bayan randa yana neman ɗumi. Da safe ƙaramar 'yata nan take fara zuwa ɗebo ruwa. Har yau in na tuna sai na ce alhamdulillahi.

Wanne zan nema, na gida ko na Turawa?

In karon farko ne, na gida. Karnukanmu irin na mafarauta sun saba da zafinmu da abincinmu kuma sun fi jure ciwo. Wanda muke kira karen 'yan sanda yana da kaifin basira ba musu, amma cinsa da maganinsa sai mai hali, su kuma manyan nan masu gashi buzu-buzu asalinsu ƙasashen ƙanƙara ne, ka ɗaure irinsu a keji mai rufin kwano a watan Afrilu a garin nan ai zalunci ne. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi, don haka inuwa da ruwa wajibi ne ko wane iri ka ɗauko.

Me zan rinƙa ba shi, ba ragowar tuwo ba ne shikenan?

Ragowar tuwo za ta riƙe shi amma ba za ta gina shi ba. Ni ina dafa masa garin masara da kan kifi, wani lokacin na biya wajen mahauta a kasuwar Samaru na karɓo tarkacen nama da huhu a tafasa. Abin da za ka kiyaye: albasa da tafarnuwa masu yawa suna lalata masa jini, cakulan guba ne a wajensa, ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke shi a hanji. Kuma don Allah kar ka ga ba shi da lafiya ka ɓallo farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane ka tura masa, mutane da yawa sun kashe karensu da hannunsu ta haka suna ganin taimako suke yi.

Allurar rigakafin kare dole ce, ko dai hanyar cin kuɗi ce ta likitoci?

A nan na fara sanin baƙin cikin kiwon kare. Su biyu na karɓo, Duna da 'yar'uwarsa, wata ja mai wayo da ta fi shi kuzari nesa ba kusa ba. Na ce ai karnukan gida ne, iyayensu wa ya yi musu allura. Suna da kamar wata biyu da rabi ta daina cin abinci, sai amai, sai zawo da jini mai wani irin wari da ba zan manta ba. Kwana uku ta yi. Ranar ƙarshe na same ta ta ja jiki ta kwanta a gindin kwanon ruwa ko ɗaga kai ba ta iyawa, tana bina da ido kawai. A ranar na naɗe Duna a buhu na ɗora a mashin sai asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), a nan likita ya faɗa min sunan ciwon, fabo, ya ce ƙwayar cutar tana iya yin watanni a cikin ƙasar gida, sai da na wanke wajen da bilic na canza masa makwanci.

Ana fara allurar tun kwikwiyo na da sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai wajen wata huɗu. Ta haukan kare kuma in ya cika wata uku, sannan a rinƙa sabuntawa duk shekara, za su ba ka kati ka adana shi kamar takardar fili. Sai maganin tsutsar ciki, sai kaska wadda da damina take cika musu kunne da tsakanin yatsu tana sa musu zazzaɓi da ƙarancin jini. Mu a Zariya ba mu da uzuri wallahi, ga tsangayar likitancin dabbobi a Samaru a ƙofar gidanmu, mutanen wasu garuruwan tafiya suke yi takanas su zo.

Wata baiwar Allah ta ce: karen maƙwabta ya ciji ɗana a ƙafa amma ciwon kaɗan ne, na bari?

Hajiya kar ki bari, ko da karcewa ce. Abu na farko a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a duba agogo kar a yi ƙiyasi, sannan a wuce asibiti a ranar. Akwai allurai da ake yi a jere, ranar farko, rana ta 3, ta 7 da sauransu yadda likita zai tsara, in ciwon ya yi zurfi ko a fuska ne akwai wata da ake yi a bakin ciwon kansa. Maganar a tsige gashin karen a ƙona a shafa ba ta kashe ƙwayar cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa duk shekara da ciwon haukan kare, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kusan kashi 40 cikin 100. Mugun abin shi ne yana iya kwanciya wata ɗaya zuwa uku ba alama, ciwon ƙafar ma ya warke an manta, amma da zarar ya bayyana mutum ya fara tsoron ruwa, da wuya ƙwarai a tashi. Kuma maganin rigakafin nan tun 1885 Louis Pasteur ya fara gwada shi a kan wani yaro a Faransa ya rayu, abin takaici ne a ce har yanzu muna binne yara saboda shi.

Karen kuma kar a yi saurin kashe shi, a tsare shi kwana 10 ana lura, in yana ɗauke da cutar a yawunsa lokacin cizon zai nuna a cikin kwanakin nan. Amma ba a jira kwana goman kafin a fara wa yaro allura. Ku nemi mai karen ya nuno katinsa. Duk 28 ga Satumba ake ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, a lokacin a kan samu inda ake yi wa karnuka allura kyauta, mai kare ya rinƙa sa kunne.

Maƙwabta fa, ba a samun rigima?

Ana samu, kuma sau da yawa laifinmu ne masu karen. Ka saki kare da asuba lokacin da mutane ke tafiya masallaci, ko almajiri ya zo bara ya bi shi da gudu, dole a tsane ka kai da karen. Ni sai bayan sha ɗaya na dare nake sakinsa, a cikin katanga, kafin kiran assalatu na mayar da shi. Ranar da ya kashe kazar wata tsohuwa maƙwabciyarmu da kaina na je na durƙusa na ce Inna a yi haƙuri, na biya. Amma kuma ɗaure shi da sarƙa dare da rana yana sa shi ya zama mugu, yana buƙatar ya zazzaga ya motsa jini.

Yaya ya mutu, kuma za ka sake ajiye wani?

Kare kan yi shekara 10 zuwa 13, to da na ga Duna ya yi laushi yana yawan kwanciya sai na ɗauka tsufa ne ya fara. Kwana biyu ina cewa gobe zan kai shi. A na uku na ga jini a hancinsa, na ɗaga leɓensa na ga dasashin fari fat. Likita ya ce alamun shinkafar ɓera ce, wataƙila ita ya ci ko ɓeran da ya ci ta, irin mai hana jini daskarewa, kuma da an zo da wuri akwai allurar bitamin K da ke karya ta. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Ban zargi kowa ba, lokacin kowa na fama da ɓeraye a rumbu, kwana biyun nan nawa su ne ke damuna har yanzu.

Na haƙa rami a gindin darbejiyar bayan gida na rufe shi, ana yayyafi. Yarana suka ƙi cin abincin dare. Wani abokina da ya ga idona ya yi ja ya ce haba malam, kare ne fa, ban ce masa komai ba don na san bai taɓa dawowa gida wani abu ya tarbe shi haka shekara tara ba fashi ba. Abin da ya fi min wuya shi ne shirun, sati da sati in na kusa kwanar makarantar allon nan sai na rage gudu ina saurare.

Wani mafarauci da muke mutunci a ƙauyen gabanmu ya ce min karyarsa na da ciki, kuma wata biyu da 'yan kwanaki suke yi su haihu, ya ce in ina so zai ajiye min namiji ɗaya. Ban ba shi amsa ba tukuna. Amma ranar Asabar da ta wuce na kira kafinta ya gyara ƙofar kejin da gara ta ci, na kuma cire rufin kwanon na sa na ciyawa.