Inzayim

Inzayim sinadari ne da ƙwayoyin halitta ke ƙerawa domin ya gaggauta sauya wani abu zuwa wani, shi kuwa ya fito yadda ya shiga, bai ƙare ba. Mafi yawansu furotin ne, kuma tsarin ƙirar kowannensu a rubuce yake cikin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta. Akwai su a jikin mutum da dabba da shuka, har da ƙwayoyin da ido ba ya gani.

Mai dama kunun zaƙi a Katsina ta daɗe tana aiki da shi. Idan ta sheƙa tafasasshen ruwa a gasarar gero ta yi kauri, sai ta bari ta sha iska, sannan ta zuba niƙaƙƙen tsiro ko busasshen dankalin Hausa. Inzayim ɗin da ke ciki, amilas, shi ke daddatsa sitaci ya mayar da shi sukari, kunu ya saki, zaƙi ya fito. Barin ta huce ɗin nan ba al'ada ce kawai ba: zafin tafasa yana wargaza siffar inzayim, in ta wargaje kuwa aiki ya tsaya. Akwai amilas a cikin yawu ma, shi ya sa koko ke tsinkewa idan ana mayar da ludayin da aka kai baki cikin kwano.

Daga tsiron sha'ir Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka fara ware irin wannan sinadari a 1833. Sai a 1926 James Sumner na Amurka ya nuna cewa inzayim furotin ne.

Kowanne da abin da yake kamawa. Emil Fischer ya kwatanta haka da kwaɗo da mabuɗinsa a 1894. Pepsin na narkar da furotin a cikin tsamin tumbi, sitaci kuwa ba ruwansa da shi. Papain na ganyen gwanda shi ke tausasa nama mai tauri.

Kuskure a DNA kan sa a haifi mutum da ƙarancin wani inzayim. Wanda ya yawaita a Najeriya shi ne ƙarancin G6PD, inzayim mai kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma ya fi kama maza. Wasu magunguna, da kafur ɗin da ake sawa cikin tufafi, kan fasa wa mai shi jajayen ƙwayoyin jini. A jarirai abin yakan bayyana da shawara.