Waiwaye: yadda iska ta daina shiga laburaren jami'a

Duk shekarar da jarrabawa ta faɗo cikin bazara sai gardamar nan ta taso. Ɗalibai na cewa da an ɗauke wuta laburare ya koma tanderu, gara mutum ya ɗauki wayarsa ya nemi gindin darbejiya. Wasu malamai kuma na so a sake fasalin ginin, a zuba kujerun tattaunawa da wuraren caji irin na jami'o'in Amurka. Kowa na magana kamar jiya abin ya faro.

Tun asali da hannun baƙi aka gina harkar laburaren jami'o'i a Najeriya. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, kuma John Harris, mutumin New Zealand, shi ya fara riƙe laburarenta. Gidauniyar Carnegie ta tallafa aka kafa makarantar horar da ma'aikatan laburare a can. A 1963 F. A. Sharr, masanin laburare daga Ostireliya, ya rubuta rahoto kan bukatun laburare a Arewa, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe nata sashen horar da ma'aikatan laburare a 1968. Wannan duk sananne ne.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne ginin laburaren da aka buɗe a Ibadan a 1954, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Kenneth Dike, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci jami'ar. Mata da miji ne 'yan Ingila suka zana shi, Jane Drew da Maxwell Fry. Suka yi shi dogo kuma siriri, yadda iska za ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, suka lulluɓe fuskarsa da siminti mai huda-huda kamar rariya, ya tare rana ya bar haske. Ba shi da bukatar janareta kafin mutum ya iya zama. Yana da nasa aibin, don ƙofar da iska ta bi, ta nan laima da ƙura ke bi, kuma takarda ba ta shiri da su. Amma dai masu zanen sun fara da tambayar yanayin garin. Maginin Kano da ke ɗora soro mai kaurin bango da 'yar taga can sama zai gane tunaninsu.

Daga shekarun 1960 salon ya juya a ƙasashen da muke koyi da su: gini mai faɗi, tagogi a rufe, na'ura ce ke ba da sanyi da haske. A wurinsu daidai ne, wutarsu ba ta ƙiftawa. Da kuɗin mai ya shigo a shekarun 1970, aka rungumi salon nan a matsayin ci gaba, kan zaton cewa lantarki zai wadata. A ganina nan gizo ke saƙar. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, na'urorin suka tsaya, gine-ginen kuwa ba a yi su don numfashi da kansu ba.

Haɗin gwiwa da ƙasashen waje ya dawo da ƙarfi bayan 2000. Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa jami'o'in Zariya, Bayero, Ibadan da Fatakwal, ƙwararru daga Cibiyar Mortenson ta Jami'ar Illinois suka zo aka yi aikin mayar da kundin littattafai kan kwamfuta da horar da ma'aikata. An amfana ƙwarai. Sai dai zancen a lokacin na intanet ne da manhaja, bango da taga suna nan yadda aka gaje su. Har yau, wanda ya shiga laburare da sassafe a watan Afrilu zai tarar kujerun bakin taga ne suka fara cika.